Jikin Aro da Mai Shi: Nazarin Sahihancin Kai a Duniyar Kwaikwayo ta Kwamfuta

Kalmar avatar, wadda masu harkar kwamfuta suke kiran surar da ke wakiltar mutum a duniyar kwaikwayo da ita, aro ce daga Sanskirit, harshen tsohuwar Indiya, inda take nufin saukowar abin bauta zuwa doron ƙasa a cikin wani jiki, kamar yadda mabiya addinin Hindu suke faɗa game da Vishnu. Ta shigo fagen na'ura a tsakiyar shekarun 1980, musamman ta hanyar Habitat, wani gari na zane da Chip Morningstar da Randall Farmer suka gina wa kamfanin Lucasfilm aka fara gwada shi a 1986, sannan ƙagaggen labarin Neal Stephenson mai suna Snow Crash ya yaɗa ta a 1992. A wannan nazari za a kira wannan sura jikin aro, domin aikinta ke nan: mutum yana zaune a ɗakinsa, amma a wani fili da kwamfuta ta zana yana da wani jiki da yake yawo da shi, yake gaisawa da shi, kuma da shi jama'ar wurin suka san shi. Tambayar da ta daɗe tana bin wannan al'ada ita ce ko wanda ya shafe shekaru a cikin jikin da ba da shi aka haife shi ba gudun kansa yake yi, ko kuwa a can ne ya sami kansa. Falsafar wanzuwa, wato mazhabar da ta mai da hankali kan yadda ɗan Adam yake ɗaukar rayuwarsa da zaɓinsa da mutuwarsa, ta yi fiye da ƙarni guda tana fama da irin wannan tambaya tun kafin a ƙera na'urar, saboda haka ma'auninta ya cancanci a gwada shi a nan.

Jikin aro ya bi matakai kafin ya kai inda yake a yau. A LambdaMOO, wanda Pavel Curtis ya buɗe a 1990 a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Kalifoniya, jikin mutum 'yan jimloli ne da ya rubuta don bayyana kamanninsa. A Second Life, wanda kamfanin Linden Lab ya buɗe a 2003, jiki ya zama sura da ake gani a allo, galibi daga bayanta, ana juya ta da madannai kamar 'yar tsana. A VRChat kuwa, wanda Graham Gaylor da Jesse Joudrey suka fara a 2014 ya kuma bazu daga 2017, mai shiga yana iya ɗaura wani tabarau mai kauri da ke rufe masa ɗakin da yake ciki ɗungurungum, ya riƙe na'ura a kowane hannu, wasu ma su ƙara ɗaura ƙananan na'urori a ƙugu da ƙafafu, ta yadda in ya sunkuyar da kai zai ga ƙirji da hannaye waɗanda ba nasa ba suna motsi daidai da nasa. A ɗakunan hira na wannan dandali akwai manyan madubai a jikin bango, kuma abu ne sananne a tarar da mutane sun jeru a gaban madubi na tsawon sa'o'i, wannan a surar yarinyar zanen Japan, wancan a surar dila mai tafiya da ƙafa biyu, wani a surar mutum-mutumin ƙarfe, suna hira ƙasa-ƙasa idanunsu na kan madubin. Wani zai ɗaga hannu ya juya shi a hankali yana bin yatsun da kallo, wani ya miƙa nasa ya shafa kan na kusa da shi, wanda aka shafa ɗin kuma ya karkata kai ya yi shiru. Wasunsu suna cewa suna jin wani abu mai kama da taɓawa a fatarsu ta zahiri alhali babu abin da ya taɓa su, har suka raɗa wa abin suna mai ma'anar ji na fatalwa.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san gwajin da Matthew Botvinick da Jonathan Cohen suka wallafa a 1998, inda aka ɓoye hannun mutum a bayan shamaki aka ajiye hannun roba a gabansa, aka riƙa shafa hannayen biyu da buroshi a lokaci ɗaya, har mutumin ya fara jin shafar tana fitowa daga robar. Tun a 1945 Maurice Merleau-Ponty ya yi bayanin asalin abin da misalin makaho da sandarsa: bayan sabo, makaho ba ya jin sandar a tafin hannunsa, ƙasa yake ji a bakin sandar, domin sandar ta shige cikin taswirar da jiki yake riƙe da ita ta iyakokinsa. Abin da wannan ya nuna shi ne cewa jikin aro na zamanin tabarau ya wuce matsayin hoto da mutum ya liƙa a ƙofarsa, ya zama wurin da yake ji da gani daga cikinsa, kuma duk hukuncin da za a yanke masa dole ya fara daga nan.

Hukuncin da ya fi saurin zuwa bakin mai kallo daga waje shi ne na kamanni: surar da ta yi kama da mai ita gaskiya ce, wadda ta saɓa masa ƙarya ce, kayan aro kuma ba ya rufe katara. Wannan hukunci yana tsaye ne a kan zaton cewa a cikin kowane mutum akwai wani ainihi kammalalle tun farko, irin wanda karin maganar nan ta hali zanen dutse take nuni gare shi, wanda sura ba ta da aikin da ya wuce ta bayyana shi ko ta ɓoye shi. Zaton nan ne Jean-Paul Sartre ya ƙi a laccar da ya gabatar a Paris a watan Oktoba na 1945, inda ya kwatanta ɗan Adam da wuƙar yanka takarda: maƙeri ya san amfanin wuƙar kafin ya ƙera ta, amma mutum yana tsintar kansa a duniya ne tukuna, sannan ayyukansa su riƙa fayyace ko wane ne shi, kuma fayyacewar ba ta ƙarewa sai ranar da ya mutu. Sartre ya gina wannan a kan musun Mahalicci, abin da mai karatu mai imani ba zai bi shi a kai ba, kuma ba sai ya bi shi ba kafin ya amfana da ma'auninsa, domin Søren Kierkegaard na ƙasar Denmak, wanda ake ɗauka uban wannan mazhaba, Kirista ne da ya ɗauki tsayuwar mutum shi kaɗai a gaban Ubangijinsa a matsayin tushen komai. Tambayar tasu ma tana da dangi na kusa a batun ikhlasi da riya, wanda malaman tarbiyya suka daɗe suna tattaunawa, inda abin dubawa shi ne alaƙar mutum da aikinsa.

A babban littafinsa na 1943, L'Être et le Néant, wato Samuwa da Rashi, Sartre ya nuna cewa kowane mutum yana da fuska biyu da ba sa rabuwa. Ta farko ita ce abin da ya tarar: jikinsa, iyayensa, ƙasarsa, cutarsa, da duk abin da ya riga ya aikata wanda ba ya gogewa. Ta biyu ita ce ikonsa na wuce abin da ya tarar, ya ba shi ma'ana, ya zaɓi abin da zai yi da shi gobe. Yaudarar kai, a ma'anar da ya ba kalmar, ita ce mutum ya fake a bayan ɗaya daga cikin fuskokin don ya tsere wa ɗayar, ko dai ya ce haka aka yi shi babu yadda zai yi, ko kuma ya ce abin da ya aikata jiya ba shi ba ne domin shi ya fi ƙarfin ayyukansa. Misalinsa mafi shahara shi ne yaron gidan gahawa da ke kai wa baƙi abin sha, wanda tafiyarsa ta cika sauri, sunkuyonsa ya cika ladabi, riƙonsa na tire ya cika gwaninta, kamar mai son ya narke a cikin aikin ya zama abu, ya huta da nauyin sanin cewa kowace safiya shi yake zaɓar ya tashi ya zo. Sahihancin kai shi ne kishiyar wannan, kuma a wani ɗan littafi da ya fitar a 1946 kan ƙiyayyar Yahudawa Sartre ya bayyana shi da cewa mutum ya kalli halin da yake ciki ido buɗe, ya kuma ɗauki alhaki da haɗarin da ke tattare da shi. A wannan ma'auni kamanni ba su da gurbi ko kaɗan. Mai surar dila zai iya zama sahihi, mai surar da aka kwafo daga hoton fuskarsa kuma zai iya kasancewa cikin yaudarar kai, domin abin da ake aunawa shi ne ko mutum ya yarda cewa abin da aka yi da wannan jiki shi ya yi shi, kuma ko ya yarda cewa jikin da ke zaune a kujera ma nasa ne.

Yaudara ta farko da jikin aro yake sauƙaƙawa ita ce ta cewa ai wasa ne kawai, kuma tarihinta ya kusan kai tsawon tarihin al'adar. A 1993 wani mai amfani da LambdaMOO da ya sanya wa kansa suna Mr. Bungle ya yi amfani da wata dabarar manhaja ya riƙa rubuta ayyukan batsa da cin zarafi da sunan wasu mazauna wurin a bainar jama'a, ta yadda kowa yana karantawa kamar su suke aikatawa, su kuma ba su da ikon hanawa. Julian Dibbell ya ba da labarin a jaridar Village Voice a watan Disamba na shekarar, ya kuma nuna cewa baƙin cikin waɗanda abin ya shafa na gaske ne, har da hawaye a gaban allo. Da jama'ar wurin suka taru don yanke shawara, Bungle ya halarta, kuma uzurinsa shi ne cewa abin da ya faru ba shi da wani tasiri a rayuwarsa ta zahiri. An goge shi daga dandalin, daga bisani kuma aka kafa tsarin koke da ƙuri'a. Kusan shekara talatin bayan haka, a watan Fabrairu na 2022, kamfanin Meta ya ga dole ya sanya wa jikunan dandalinsa na Horizon Worlds wata iyaka da ba a gani, mai tazarar kusan ƙafa huɗu, bayan koke-koken mata kan taɓa su ba da yardarsu ba. Uzurin Bungle yaudarar kai ne tsantsa, domin bai zaɓi ya yi abin a ɗakin da babu kowa ba, ya zaɓi ɗakin da ya fi cika, kuma daɗin da ya nema ya dogara ne kacokan a kan sanin cewa akwai mutane na gaske da za su ji zafin.

Bincike ma ya rushe katangar da masu wannan uzuri suke ginawa tsakanin nan da can. A 2007 Nick Yee da Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford sun wallafa gwaje-gwajen da suka nuna cewa waɗanda aka ba jikin aro mai kyan fuska sun fi matsowa kusa da baƙo kuma sun fi buɗe masa cikinsu, waɗanda aka ba jiki dogo kuma sun fi tsaurin ido wajen rabon kuɗi, suna neman kaso mafi tsoka, yayin da gajeru suka fi yarda da rabon da aka zalunce su a ciki. Sun kira abin tasirin Proteus, da sunan wani abin bautar teku na tsoffin Girkawa mai rikiɗa, kuma wani gwaji da ya biyo baya a 2009 ya nuna cewa halin yana bin mutum zuwa mu'amala ta ido da ido bayan ya cire tabarau. Jikin da mutum ya zaɓa yana juyowa ya sassaƙa mai zaɓen, saboda haka zaɓen ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma shaidar kunya. Sartre ya kawo misalin mai leƙe ta ramin makulli wanda ya shagala da abin da yake gani, sai ya ji takun ƙafa a bayansa, nan take ya gane cewa shi ne wannan mai leƙen da wani yake kallo. Wanda ya yi katoɓara a taron VRChat, aka yi tsit, fuskar dila ba ta hana kunnuwansa na zahiri yin zafi ba, kuma kunyar nan amincewa ce, ko bai furta ba, cewa shi aka gani.

Yaudara ta biyu ta fi wuyar ganewa, kuma ta fi cancantar tausayi, domin masu faɗawa cikinta sau da yawa mutane ne da duniya ta ƙuntata wa. Ita ce ta cewa wannan surar ita ce ainihina, wancan jikin da ke kan kujera kuskure ne ko kurkuku. Akwai gaskiya mai nauyi a cikin maganar. Mai in'ina da ba ya iya buɗe baki a aji yana iya zama cikin waɗanda ba sa magana da murya a VRChat, suna sadarwa da motsin hannu da alƙalamin da ke rubutu a iska, kuma jama'ar wurin sun karɓi wannan a matsayin salo, ba nakasa ba. Fim ɗin We Met in Virtual Reality, wanda Joe Hunting ya ɗauka gaba ɗayansa a cikin VRChat ya kuma fito a 2022, ya nuna azuzuwan koyar da maganar kurame da ake gudanarwa da hannayen aro, da mutanen da suka sami mai sauraren baƙin cikinsu a can bayan sun rasa a gida. Duk wanda ya kira wannan ƙarya bai dubi abin da kyau ba. Kuskuren yana shigowa ne a daidai lokacin da aka mai da surar wani sabon zanen dutse, aka ce ita ce gaskiyar da aka gano, alhali ita ma aiki ce da ake yi kullum, kuma mai yin ta shi ne wannan mutumin da yake jin yunwa, yake tsufa, yake da uwa da take jiran ya fito. Kierkegaard, a littafinsa na 1849 kan yanke ƙauna, ya rarrabe tsakanin wanda ba ya son ya zama kansa, yana fatan a musanya masa da wani, da wanda ya kafe sai ya zama kan da shi ya ƙago wa kansa daga babu, yana ƙin karɓar abin da aka ba shi. Ya ɗauki duka biyun cuta ɗaya, kuma ɗakin sauya jiki na duniyar kwaikwayo yana iya ciyar da kowaccensu.

Batun launin fata ya fi kowane batu fito da iyakar wannan 'yanci. Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa ɗan tsibirin Martinik, ya nuna a 1952 cewa taswirar jiki da Merleau-Ponty ya bayyana tana rugujewa ga baƙar fata a tsakiyar Turawa, domin idon jama'a yana ɗora masa wata taswirar ta daban, wadda aka saƙa da tarihin bauta da tatsuniyoyin raini, tun kafin ya buɗe baki. Ga irin wannan mutum, shiga wurin da zai zaɓi yadda za a fara ganinsa hutu ne na gaske. Amma Lisa Nakamura ta lura tun a 1995 cewa Turawa da yawa a LambdaMOO suna shiga surar mutanen Asiya irin ta fina-finai, mayaƙin samurai ko geisha, ta kira wannan yawon buɗe ido a cikin asalin wasu, domin mai yawon yana ɗanɗana surar ya koma gida ba tare da ya biya kuɗin da masu ita suke biya kullum ba. Gwajin da Mel Slater da abokan aikinsa suka gudanar a Basalona suka wallafa a 2013 ya nuna cewa fararen fata da aka sanya a jikin aro baƙi sun nuna raguwar ɓoyayyen son zuciya a ma'aunin da aka yi musu bayan sun fito, kuma wannan sakamako ne mai daraja. Sai dai mai gwajin ya san zai cire tabarau bayan 'yan mintoci, kuma rashin wannan mafita shi ne ainihin abin da Fanon yake bayyanawa.

Ko 'yancin zaɓen ma bai kai yadda ake zato ba. Martin Heidegger, a littafinsa na 1927, Sein und Zeit, ya ce mutum a rayuwar yau da kullum ba shi yake jan ragamarsa ba, wani ne da ba kowa ba, kuma ya kira shi da lamirin Jamusanci da ba ya nuna mai aiki. Hausa tana da wannan lamiri daidai wa daida: ana yi, an ce, haka ake sawa, ba a yin haka. Wannan "ana" ɗin yana bin mutum har cikin tabarau. Kaso mai yawa na jikunan VRChat sayen su ake yi a kasuwannin intanet irin su Booth na Japan, inda 'yan samfura kaɗan da suka yi tashe suke zama tushen dubban jikuna, a sauya gashi da tufafi da launin ido kawai, har mai shiga ɗaki yakan tarar da fuska ɗaya a wuyoyi da yawa, duk matasa, duk sumul, babu furfura babu tabo. A Japan, tun wajen 2018, akwai kalmar babiniku ga masu shiga jikin kyakkyawar yarinyar zane, kuma ƙarshen kalmar an ɗauko shi ne daga lafazin da ake fassara shigar ruhi cikin tsoka da shi, kusan ma'anar da avatar take da ita a Sanskirit. Sayen jiki a kasuwa ba laifi ba ne, kamar yadda sayen shadda a kasuwa ba ya sa riga ta zama ta wani, amma wanda ya gudu daga "ana" na unguwarsu ya faɗa "ana" na dandali yana zaton ya tsira bai matsa ko taku ɗaya ba. Ya kamata a ƙara da cewa Heidegger kansa ya shiga jam'iyyar Nazi a 1933, wanda ya isa ya nuna cewa iya bayanin sahihanci ba ya tsare mutum daga bin garke mafi muni, kuma sahihanci shi kaɗai ba ya maye gurbin kirki.

Akwai kuma wani ɓangare na abin da aka tarar wanda masu jikin aro suka fi mantawa da shi, wato cewa ƙasar da suke takawa mallakar kamfani ce. A watan Yuli na 2022 VRChat ya sanya wata manhajar tsaro da ta toshe gyare-gyaren da masu amfani suka ƙirƙira da kansu, har da waɗanda nakasassu suke dogaro da su, abin da ya jawo bore mai zafi. A ranar 10 ga Maris 2023 kamfanin Microsoft ya rufe dandalin AltspaceVR baki ɗaya, da ɗakunan taronsa da wuraren ibadarsa da jikunan da mutane suka yi shekaru a ciki.

Suka mafi ƙarfi da aka yi wa wannan al'ada daga cikin mazhabar ta fito ne daga Hubert Dreyfus na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ya wallafa ɗan littafi kan intanet a 2001 ya kuma ƙara masa babi kan Second Life a bugu na biyu. Hujjarsa ita ce alkawari ba ya da nauyi sai in karya shi zai yi ciwo, kuma wurin da mutum zai iya ficewa da danna maɓalli ɗaya, ya dawo gobe da sabon suna da sabuwar fuska, ba ya iya ɗaukar alkawari irin wannan. Ya jingina ne da Kierkegaard, wanda a littafinsa na 1843 ya zana wani mutum mai rayuwar jin daɗi da ke ba da shawarar a riƙa juya rayuwa kamar yadda manomi yake juya shuka, a guji abota mai zurfi da aure da muƙami, don kada gundura ta kama mutum. Wanda yake da jikuna hamsin da sunaye biyar, yana sauyawa duk lokacin da hira ta fara neman wani abu daga gare shi, wannan mutumin ne sak, kuma Bungle ma ya dawo LambdaMOO da wani suna bayan an goge shi. Inda Dreyfus ya gaza shi ne ɗaukar da ya yi cewa sauƙin fita yana nufin kowa fita yake yi. Wanda ya riƙe suna ɗaya shekara bakwai a cikin jama'a ɗaya ya tara abin da zai iya asara: an san shi, ana jiransa ranar Laraba don ya koyar da darasi, akwai wanda ya ɓata wa rai da har yanzu bai nemi gafararsa ba. Ƙofar fita tana nan a buɗe, kuma saboda a buɗe take, zamansa zaɓi ne da yake sabuntawa. Kierkegaard kansa ya rubuta manyan littattafansa da sunayen aro, Victor Eremita da Johannes de Silentio da Johannes Climacus, kowanne da muryarsa da ra'ayinsa, amma a 1846 ya fito a rubuce ya amsa cewa shi ne ya wallafa su kuma alhakinsu yana wuyansa, tare da roƙon a jingina kalamansu gare su. Sunayen aron sun ba shi damar faɗin abin da ba zai faɗu da murya ɗaya ba, kuma bai yi amfani da su don ya ɓace a ranar tambaya ba.

Rayuwar Mats Steen, wani matashi ɗan Norwe da aka haifa a 1989 da cutar Duchenne mai cinye tsoka a hankali, ta tara duk waɗannan zare a wuri ɗaya, ko da yake duniyarsa ta allo da madannai ce, wato wasan World of Warcraft, ba ta tabarau ba. A can sunansa Ibelin, ƙaƙƙarfan mutum mai faɗin kafaɗa da ke aikin binciken sirri, wanda yake fita gudu a kan hanyoyin wasan alhali mai shi yana kan keken guragu, yatsunsa kaɗai suke motsi. Ya yi shekaru da wannan suna ɗaya a cikin wata ƙungiya mai suna Starlight, kuma fim ɗin da Benjamin Ree ya fitar a 2024, wanda aka sake gina al'amuransa daga rubutattun hirarrakin ƙungiyar, ya nuna abin da ya yi da jikin: ya rubuta wa iyayen wata yarinya wasiƙa lokacin da suka raba ta da kwamfutarta ta shiga ƙunci, ya taimaki wata uwa da ɗanta mai lalurar otizim suka sami hanyar kusantar juna, ya saurari mutane da dama a lokacin da suke cikin duhu. A ma'aunin kamanni Ibelin ƙarya ne daga kai har ƙafa. A ma'aunin ayyuka kuwa, wasiƙar nan Mats ne ya rubuta ta, kuma ta isa hannun iyaye na gaske.

Fim ɗin bai ɓoye ɗaya ɓangaren ba. Mats ya daɗe yana ɓoye cutarsa ga abokan nan, yana kauce wa hira ta murya da ta bidiyo, bai halarci haɗuwarsu ta ido da ido ba, kuma da jikinsa ya ƙara rauni sai ɗacin ya fito ta bakin Ibelin, ya riƙa yi wa mutane kaushi har dangantakarsa da wasu ta yi tsami. Abin da ya gyara lamarin shi ne lokacin da ya nemi gafara ya kuma bayyana musu halin da yake ciki, bai yar da Ibelin ba, ya dai bar su suka ga wanda yake riƙe da shi. Ya rasu a watan Nuwamba na 2014 yana da shekara 25. Iyayensa, waɗanda suke zaune a gida ɗaya da shi suna baƙin cikin cewa ɗansu zai bar duniya ba tare da ya san abota ko soyayya ba, sun rubuta sanarwar rasuwarsa a shafinsa na intanet ba su sa ran amsa ba, sai saƙonni suka fara shigowa daga ƙasashen Turai daban-daban, wasu daga cikin 'yan Starlight kuma suka yi tattaki zuwa Oslo don jana'izarsa, inda suka haɗu da iyayensa.